Akwatin da Muka Zaɓa wa Muryar Malam

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Asabar, an idar da La'asar ke nan, a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Mu huɗu ne a wurin. Akwai babban wanmu, wanda duk gidan ke kira Yaya Babba, shi ya gaji buzun mahaifinmu da ɗalibansa. Akwai ni, na tsakiya, na yi ritaya daga aikin sito a wata ma'aikatar gwamnati. Akwai autanmu, mai aikin kwamfuta a wani ofis a Kongo. Na huɗu baƙo ne, mai shagon kayan kwamfuta a wajen ganuwa, autan ne ya kirawo shi. Ya zo da kwalaye a bayan babur, ya jera su a kan tabarma kamar kayan lefe, ya zauna yana murmushi tun ba a ce komai ba.

Abin da ya tara mu shi ne muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Mu ma 'ya'yansa Malam muke ce masa. A zauren nan ya yi rayuwarsa yana karantarwa, kuma a shekarunsa na ƙarshe ɗalibai kan ajiye rikoda a gabansa. Kaset-kaset suka taru, tafsiri da fiƙihu da nahawu, har suka cika wata tsohuwar adaka. Bayan rasuwarsa autanmu ya zauna ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya yana juye su cikin kwamfuta, fiye da shekara yana yi. Wannan aiki ya yi shi da kyau, ba zan danne masa haƙƙinsa ba. Da ya gama aka mayar da kaset ɗin cikin adaka, Yaya ya riƙe makulli.

Kwamfutar tana cikin wani ɗan soro a bayan zaure, sola ke riƙe da ita, ba a kashe ta. Autan yana kiranta saba. Amfaninta shi ne duk mai waya a gidan zai iya shiga ya saurari karatun da yake so, har ƙanwarmu da ke aure a Gyallesu da 'yan uwa na Tukur-Tukur. Ba karatu kaɗai ake ji ba. Ana jin tarin Malam, da motsin takarda, da sautin daka daga cikin gida, wani wurin ma a ji ya dakata ya kira ɗayanmu ya kawo masa ruwa. Tsohuwarmu, wadda ido ya yi mata nisa, kullum da hantsi sai an kunna mata. Takan amsa masa ma. In ya yi tari ta ce sannu.

To, cikin kwamfutar ya cika, kuma faifan da ke cikinta ya fara wani ƙara kamar ɓera na cin katako. Autan ya ce kwanansa sun ƙare, dole a samo wa karatun wurin zama na daban, wanda za a jona da saba. Zaɓen wannan wuri shi ne aikin ranar.

Ni a sanina, kafin a ajiye kaya sai an tambayi abu bi da bi: mene ne kayan, me ke iya ɓata shi, wa ke da ikon taɓa shi, sannan a ƙarshe a zo ga girman wuri da kyansa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma haka na ga ana yi. A zauren nan daga ƙarshe aka fara, kuma a can aka tsaya.

Autan ne ya buɗe magana. Ya gyara gilashinsa ya ce akwai kamfanonin waje da ke ajiye wa mutane kaya ta intanet, a riƙa biya wata-wata, ba ruwan mutum da gobara ko ɓarawo.

"Yaya, a batun sikiyoriti, gaskiya shi ne ya fi."

"A ina ɗakin nasu yake?" in ji Yaya.

"Ba wuri ɗaya ba ne, Yaya. Yana iya zama Turai, yana iya zama..."

"Kai ka taɓa zuwa ka gani?"

"A'a."

"Wato Malam, da bai taɓa kwana gidan haya ba yana raye, sai yanzu za a kama masa haya a garin da kai ma ba ka sani ba. Ran da aka makara da biya a watso masa kaya waje. Wuce nan."

Mai shago ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wallahi Alhaji ya gama magana. Ai dole ya yi dariya, wannan hanyar ba ta bi ta shagonsa ba.

Sai ya ɗauko na farko cikin kayansa, ɗan faifai guda mai igiya, bai fi tafin hannu ba. Yaya ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya ajiye. Ya ce ilimin Malam ba zai shiga abin da za a iya sakawa a aljihun kaftani ba. Ba wanda ya tambayi abin da yake ɗauka. An raina shi don ƙanƙanta, shi ke nan.

Na biyu wani ƙaton akwati ne mai gurbi huɗu, da fanka a bayansa. Wannan ya burge Yaya, sai autan ya ce solar gidan ba za ta ɗauke shi ba in gari ya yi hadari. Aka ture shi gefe da baƙin ciki, Yaya yana binsa da ido.

Na uku shi ne wanda muka saya. Baƙin akwati ne, tsayinsa kamar bulo a tsaye, da gurbi biyu a gaba, kowane gurbi da faifan ajiya guda, da 'yan fitilu kore masu ƙiftawa. Mai shago ya danna wani ɗan marfi, faifai ya zaro kamar aljihun tebur, ya mayar, ya sake zarowa.

"Ka gani, Alhaji? Ba sukurudireba, ba kiran injiniya. Da yatsa ɗaya."

"Ma sha Allah," in ji Yaya. Ya gwada da kansa har sau da yawa.

Har nan ba ni da ƙorafi mai yawa. Akwatin ba shi da laifi. Sai mai shago ya ce saura abu guda, a gaya masa yadda zai saita shi, domin hanya biyu ce. Ko dai a mai da faifan biyu tagwaye, duk abin da aka rubuta a wannan a rubuta irinsa a wancan, kowanne ɗauke da cikakken karatu. Ko kuma a haɗe su su zama ɗaki ɗaya babba, kowane karatu a tsinka shi, wani yanki nan wani yanki can. A ta farko wurin faifai ɗaya za a samu. A ta biyu za a samu wurin duka biyun, kuma ya fi sauri.

Yaya ya ajiye carbinsa.

"Tsaya. In sayi buhu biyu, in tashi da hatsin buhu ɗaya?"

"Kusan haka ne, Alhaji."

"Wannan ai almubazzaranci ne. A gidan nan ba a yinsa. Haɗe su."

Na ce, "Yaya, ina da tambaya." Ya ɗaga mini hannu alamar in yi. Na juya ga mai shago na ce, "In an haɗe su ɗin, ɗaya ya mutu, me ke faruwa da karatun?"

"Allah ya kiyaye, Baba! Sababbi ne fil, yanzu na yage ledarsu."

"Amin," in ji Yaya. "Kai kuma kullum haka kake. Ba a ko jona kaya ba ka fara yi musu ta'aziyya."

"Ban ce su mutu ba. Cewa na yi in sun mutu."

"Wanda ya yi karatun abin ga shi nan zaune. Da akwai matsala da ya faɗa."

Duk muka dubi autan. Mutum mai digiri, mai furfura a gemu, wanda a ofis ake tashi in ya shigo. Ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma kamar ranar ya fara ganinta. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban baƙo. Haka aka raine mu, kuma ban ce tarbiyyar banza ba ce. Amma an yi ta ne don kada a ci mutuncin babba, ba don a bar shi ya taka rami ana kallo ba. Autan bai rarrabe ba. Ya ce, a hankali, "Yadda Yaya ya ce."

Mai shago ya danna abin da zai danna, fitilu suka ƙifta, aka yi fatiha, ya ɗaure sauran kwalayensa ya tafi. Mutumin nan ya san amsar tambayata sarai. Ya dai karanci zauren, ya ga wanda ke yanke hukunci, ya bi bayansa. Ban ƙara amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba.

Kafin Magariba na tare autan a lungu, a bakin famfo, na ce yanzu babu baƙo, ya ba ni amsa.

"In ɗaya ya tafi, Yaya, komai ya tafi. Wanda ya rage ba zai buɗe ko minti ɗaya ba."

"Ka san haka ka yi shiru?"

"To ya zan yi? A gaban mutum? Kada ka damu, zan samo wani faifan daban in yi bakof, in ajiye kwafin komai a gefe. Wannan watan dai."

Washegari da safe na sami Yaya na gaya masa abin da aka gaya mini, kalma da kalma. Ya ce a kira autan. Autan ya zo ya durƙusa. Yaya ya ce, "An ce ka ce na yi kuskure." Yanzu babu baƙo, babu kowa, mu uku ne 'yan ciki ɗaya. Autan ya ce, "A'a, Yaya, ba kuskure ba ne. Tsarin da ka zaɓa ma ana yinsa. Manyan kamfanoni ma suna yi." Yaya ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Je ka karya."

Aka kwashe karatun daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabon akwati. Ba a daɗe ba tsohon faifan ya yi shirun da ake jira, aka sa wa saba wani ƙarami, wanda ba komai a cikinsa sai abin da ke tafiyar da ita. Faifan bakof kuwa, na tambaya wata ya bi wata. Yau an yi haihuwa, gobe mota ta lalace, jibi ana jiran irin mai kyau ya shigo kasuwa. Mutum ya yi shekara yana juye kaset da haƙuri, amma ya kasa yin tafiya ɗaya zuwa Tudun Wada.

Abin bai zo ta inda na yi tsammani ba. Cikin faifan sabon akwatin ba wanda ya mutu.

Malam yana da wata ƙa'ida da duk wanda ya zauna gabansa ya sani: ba a hana ɗalibi aron littafi. Kusan kowane littafin da yake karantarwa yana da guda biyu, na asali da kwafin da wani ɗalibi ya rubuta. Mai aro a ba shi kwafi, asali ya zauna gida. Yaya ya riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi, yana alfahari da ita.

Wata Alhamis, autan yana ofis, ni na tafi jana'iza Tukur-Tukur, wani dattijo ya yi sallama. Tsohon ɗalibin Malam ne, limami a wani gari kan hanyar Jos. Ya ji labarin an tara karatun, ya zo da kuka yana roƙon a ba shi ya kai wa mutanensa. Yaya ya shiga soro ya tsaya gaban akwati. A nan ya tuna da maganar mai shago cewa faifan biyu tagwaye ne, kowanne da cikakken karatu. Bayanin ya tuna. Abin da bai tuna ba shi ne cewa shi da bakinsa ya ƙi wannan tsarin, ya kira shi almubazzaranci. Ya sa yatsa ɗaya, kamar yadda aka koya masa, ya zaro na dama, ya naɗe shi a ƙyalle, ya ba dattijon, ya raka shi har bakin titi.

Da na dawo na tarar akwatin yana kuka, fitila ɗaya ta koma ja. Yaya ya rufe shi da darduma don ƙarar ta dame shi.

Autan ya iso a guje bayan na kira shi. Ya leƙa gurbin da ba kowa, ya dafe bango. Ya ce har yanzu akwai gyara, muddin faifan ya dawo yadda ya tafi, ba a taɓa shi ba. Aka shiga neman dattijon a waya. Wayarsa a kashe, ta ɗansa ba ta shiga. Sai Asabar aka same shi, murya cike da farin ciki. Ya ce ai ya kai wa wani mai kwamfuta a garinsu, kwamfutar ta ce ba ta gane faifan ba sai an yi masa fomatin, wato an share shi an shirya shi sabo, mai kwamfutar ya yi. Yanzu yana buɗewa lafiya lau, sai dai ba su ga karatun ba tukuna, ko akwai inda ake dannawa? Har ma an zuba musu wasu wa'azuzzuka a ciki kafin a gano.

Aka je aka karɓo faifan. Autan ya kai faifan biyu Kaduna, ya kai Kano, wurin masu tono abin da aka goge. Suka tono tarkace. Na saurari ɗaya: Malam ya fara jumla, sai ƙara, sai rabin wata kalma daga wani karatun daban, sai shiru.

Tsohuwarmu ta tambaya da hantsin Juma'a, aka ce mata wuta ce. Ta tambaya ran Asabar, aka ce ana gyara. Ran nan ta kira ni ta ce, "Kai ba ka iya ƙarya ba. Ina Malam?" Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini wayar ta ce in ba jikokinta su yi wasa da ita.

Zama na biyu da muka yi a zauren ba baƙo. Na zaci a ranar za a kira abu da sunansa. Yaya ya ce ƙaddara ce, kuma niyyarsa alheri ce, ya bi sunnar Malam. Autan ya ce lallai ƙaddara ce, kuma laifin mai kwamfutar can ne. Suka haɗu suka yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba faɗa mai tsawo. Na bar su suka gama, sannan na ce to, aiki ya dawo farko, a ba ni makullin adaka, a sake juye kaset, ko shekara biyu za a yi.

Yaya ya ɗauki carbinsa. Autan ya koma kallon tabarma.

Na sake cewa a ba ni makulli. Yaya ya ce adakar a buɗe take. Na shiga na ɗaga murfi. Tsummoki ne a ciki da wata tsohuwar fitilar ƙwai.

Ashe a azumin da ya wuce, ranar rufe tafsiri, Yaya ya fito da kaset ɗin ya raba wa jama'a don tabarruki. Ya ce tunda komai ya shiga akwati, barin su a rufe rowa ce. Kowa ya miƙo hannu aka ba shi, wani ɗaya, wani biyu, wani ya karɓar wa maƙwabcinsa. Ba a rubuta sunan kowa ba. Ni ina Gyallesu a ranar, wurin ƙanwarmu da ba ta da lafiya. Autan yana wurin. Shi ya riƙe wa Yaya tiren kaset ɗin.

Tun daga ranar na karɓi soron, ban nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya hana ni. Na sa autan ya sake saita akwatin a gabana, tagwaye, ya nuna mini a fuskar kwamfuta inda aka rubuta haka, ya karanta mini, na sa ya maimaita. Na sa maƙeri ya yi wa akwatin keji na ƙarfe da kwaɗo, makullin yana wuyana. Na tsaya a kan autan har ya sayo faifan da ya yi ta alkawari, ana juye komai a ciki, yana kwana a Gyallesu. Duk wanda ya zo aro, ya kawo wayarsa a zuba masa. Tsari ya yi kyau yanzu. Akwatin ne kusan fanko. Wurin da aka yi ta tsoron kada a yi asararsa, ga shi nan, ba a ci ko gefensa ba.

Kaset ɗin da na iya bi gida-gida na karɓo ba su cika kwano ba. Wasu zafi ya narkar da su a cikin mota. Wani na same shi an ɗauki waƙar biki a kansa. Wani mutum ya rantse mini ba a ba shi ba, ina hango kaset ɗin a kan talabijin ɗinsa. Abin da ya dawo da rai shi ake kunna wa tsohuwarmu, kuma ta haddace shi, har takan riga Malam faɗin abin da zai faɗa. Shekarunta sun yi nisa.

Ban ambaci sunan kowa a nan ba, kuma ba sai na ambata ba. In kana cikin waɗanda suka miƙa hannu a zauren nan ranar rufe tafsiri, ka san gidan. In mahaifinka ne ya karɓa, duba cikin kayansa. Kada ka kunna shi don ka gwada, tsohuwar rikoda tana cin zare. Kada ka ba wani ya kawo, kada kuma ka miƙa wa duk wanda ka tarar a zaure. Ka ce a kira maka na tsakiya. Zan juye shi a gabanka, in mayar maka da abinka a hannu. Ka kawo shi wannan makon.